Idon da Bai San Ja Ba

Tun kafin hazon safe ya ɗaga daga kan tudu Nayo ta san yau ma sai ta yi wa mahaifinta ƙarya. Kwana hamsin da uku ke nan tana yi, amma ko sau ɗaya gabanta bai daina faɗuwa ba.

Sharaɗin mahaifin nata, Baba Janu, ba mai tsawo ba ne. Duk mai son 'yar ƙabilarsu ta Lahu gidan iyayenta yake tarewa ya yi musu noma, haka aka yi wa Janu kansa shekara uku cur, haka aka yi wa ubansa. Shi kuwa Gu Heng, ɗan birnin Chengdu da ya zo bara ya kama ɗakin baƙi na mako guda don ya ga yadda ake noman gahawa, ya koma gida ya kasa zama, ya ajiye aikinsa ya dawo neman auren Nayo, sai tsohon ya yi masa rangwame. Ya ce kaka ɗaya tak. Ya tsinki gahawa tare da su daga farkon nuna har sabuwar shekara. In kwandonsa ya riƙa fitowa ja zalla babu ɗanye, a yi maganar aure. In ba haka ba, hanyar da ta kawo shi tana nan ba ta tashi ba.

To ina ja zalla ga mutumin da idonsa bai san ja ba?

A mako na farko ta gano. Ta leƙa kwandonsa ta ga kore barbaje cikin ja, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga yana mata murmushin wanda ya yi abin kirki. A wurinsa ja da kore duk kalar ƙasa ce, sai dai wani ya ɗan fi wani duhu. Tun haihuwa haka yake. Ya koyi latsa ɗan gahawa da yatsa ya ji laushinsa, amma reshe ɗaya 'ya'ya nawa ne, bishiya kuma nawa ce a kan tudun nan? Dole wasu su kuɓuce masa.

Shi ya sa kullum hantsi, kafin a sauko da kwanduna, sukan haɗu a bayan bukkar hutu, ƙarƙashin ayaba.

"Juyo shi nan," ta ce, tana shimfiɗa buhu.

Ya juye. Yatsunta suka shiga aiki, tana tsince koren tana zubawa a aljihun ɗamararta. Shi kuwa ya tsuguna ya zuba mata ido, hannayensa duk sun faffashe, farcensa ya yi baƙi.

"Yau da yawa?"

"Kaɗan ne."

"Nayo, in kika ce kaɗan da wannan muryar na san ba kaɗan ba ne."

"To kai ne mai gani ko ni?"

Maganar ta fita kafin ta kama ta. Ta ɗago da sauri, ta ga ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar kwando. Tausayinsa ya kama ta har idonta ya ciko.

"Ka yi haƙuri, ban yi nufi ba."

"Ai gaskiya kika faɗa." Can ya ce, "Mu faɗa wa Baba. Na gaji da kallonsa da ƙarya a bakina. Shekaranjiya ya dafa kafaɗata, wallahi ji na yi kamar na yi masa sata."

"Saura kwana goma sha tara, Heng. Sha tara kacal. In an ɗaura, sai ka koma wajen shanya da injin ɓare bawo, wa zai ƙara leƙa kwandonka?"

"In kuma ya gano kafin nan?"

Ta kama hannunsa ta dubi wata tsaga da ke zubar da jini a babban yatsa, ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure masa. Ba su ji motsin kowa ba a bayan ayabar.

Baƙi kuwa, Allah kaɗai ya san abin da ke damunsu da ɗaukar hoto. Ko kaza ce ta yi tari sai sun ɗaga waya. Nayo ce da kanta ta matsa aka gina ɗakuna shida a gefen gidan lokacin da ta dawo daga karatu a birnin Kunming, mutanen birni suka riƙa zuwa suna biya don su yi awa guda suna abin da 'yan ƙauyen ke yi har bayansu ya ranƙwashe. Su tsinko ja, su tsinko kore, har da ganye, mahaifiyarta Inna Nale ta yi musu murmushi ta ce ba komai, a zagaya a juye nasu daban. A wannan makon su biyar ne, shugabarsu a surutu wata Anti Fang, 'yar Shanghai da ta yi ritaya, mace mai kirki da ba ta san inda ake tsayawa ba.

Da rana ta take aka sauko. Baba Janu na zaune bakin madafi yana zuƙar lofensa na gora, tukunyar shayinsa na kan garwashi, don shi duk shekarun da ya yi yana noman gahawa bai yarda abin sha ce ba. Jati na tsaye yana juye kwanduna a kwatamin wanke gahawa. Jatin nan ɗan maƙwabta ne, babu hannun da ya kai nasa tsinka a ƙauyen, kuma shekara shida yana jiran Nayo ta dube shi da idon da ba na ƙanwa ba. Son maso wani, ƙoshin wahala.

Heng ya ajiye kwandonsa. Tsohon ya leƙa, ya tsoma hannu ya juya.

"Kai ɗan birni, wannan ne aikin tun safe? Kakata da ta mutu ta fi ka sauri. Hannu kamar na mai riƙon alƙalami."

"Zan ƙara, Baba."

"Ka ƙara me? Je ka wanke hannu ka ci abinci, malalaci."

Inna Nale ta ɓoye dariya a madafi. Kowa a gidan ya san Janu ba ya zagin wanda bai ɗauka nasa ba.

Sai ga Anti Fang ta taho da gudu-gudu, hular ciyawa na lilo a bayanta, waya a hannu.

"Maigida, zo ka ga abin da na ɗauko. Ni tun da nake ban taɓa ganin soyayya irin wannan ba. Dubi 'yarka yadda take gyara masa kwando, dubi yadda take ɗaure masa yatsa. Har kuka na yi. Jiya ma na gan su, yau na ce sai na ɗauka."

Nayo na tsaye da tukunyar shinkafa.

Baba Janu ya karɓi wayar da hannu biyu, ya nisanta ta da fuskarsa don ya gani sosai. Ba dogon bidiyo ba ne. Ga buhu a shimfiɗe, ga yatsun 'yarsa suna tsince kore, ga aljihun ɗamara yana cika. Ya kalla har ƙarshe, ya miƙa wa matar abinta.

"Ya yi kyau ƙwarai. An gode, Malama. Abincinku na baranda, kada ya huce."

Ta tafi tana murna, baiwar Allah, ba ta san ta rushe gida ba.

Sai da ta ɓace ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Nayo, juye aljihunki."

"Baba..."

"Juye."

Koren safiyar nan bai kai ga rafi ba tukuna. Ya zubo a ƙasa yana mirginawa, cikin tafi biyu ko fi. Jati ya matso ya duba, ya yi wani ɗan tsaki.

"Dama na yi mamaki. Mutumin da ya tambaye ni ko barkonon Inna ya nuna alhali yana rataye ja wur a gabansa."

"Ba da kai ake ba, Yaya Jati," in ji Nayo.

"Ai ba da ni ake ba tun shekara shida, ƙanwata."

"Jati, kawo faifai," in ji tsohon.

Aka kawo. Ya ɗebi ja daga kwando, ya tsinci kore daga ƙasa, ya haɗa da masu ruwan ɗorawa da ba su gama nuna ba, ya girgiza faifan ya ajiye gaban Heng.

"Nuna mini nunannu goma. Kada ka taɓa. Da yatsa za ka nuna."

Heng ya durƙusa. Gumi ya karyo masa duk da sanyin da ake yi. Ya nuna na farko, daidai. Na biyu, daidai. Nayo ta riƙe numfashi tana roƙon Allah a zuci. Na uku ya tsaya ya daɗe, yatsan da ta ɗaure masa yana shawagi a kan faifan, sannan ya sauka a kan wani kore shar kamar ganyen ayaba.

Babu wanda ya yi magana. Shirun ne ya gaya masa. Ya janye hannunsa.

"Ba na ganinsu, Baba. Tun ina yaro. Ni ne da laifi, ba ita ba."

"Ana maganinsa?"

"Ba a yi."

Inna Nale ta leƙo daga madafi, ludayi a hannu. "Ɗana, ciwo ka yi ya taɓa idon, ko kuwa?"

Nayo ta ƙura masa ido tana girgiza kai a hankali. Ya gan ta sarai. Amma Heng ya gaji da ƙarya.

"Gado ne, Inna. Kakana na wajen uwa ma haka yake."

Inna ta koma ciki. Nayo ta san abin da ta tafi tana lissafawa: jikoki a kan tudun gahawa, suna tsinkar ɗanye.

Baba Janu ya juyo ga 'yarsa.

"Ina kike kai su?"

"Rafi."

"Kwana nawa?"

"Tun makon farko."

"Wata tara bishiya na ɗauke da su. Da an bar su mako biyu da sun nuna. Kika ɗiba da hannunki kika ba rafi." Ya gyaɗa kai. "Wannan ma da sauƙi. Ran kasuwa na zauna cikin dattawa na ce ɗan birnin nan yana da ido, na ce ya fi wasu 'ya'yanmu. Suka yi mini dariya, na rantse musu. Ke kina tsaye kina zuba mana shayi, kina ji."

Ta zube a gabansa ta kama gwiwarsa, kuka ya ƙwace mata.

"Baba ka dake ni. Ni na hana shi faɗa, ko yau da safe ya ce mu faɗa maka na ƙi. Ka duba hannunsa, Baba. Wane baƙo ne zai yi wa hannunsa haka? Zai iya shanya, zai iya injin, zai iya suya, hancinsa ya fi na kowa a gidan nan. Gona ba tsinka kaɗai ba ce."

Tana jiran tsawa, tana ma fatanta. Sai ya zare gwiwarsa a hankali, ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa, ya fuskanci Heng. Fuskar da yake tarbar masu saukowa daga mota ita ya ɗora.

"Malam Gu, ka yi haƙuri, mun wahalar da kai. Ba mu kyauta ba. Nale, a share ɗaki na uku, a sa sabon bargo, a kwaso kayan Malam daga ɗakin ajiya. Jati, karɓi kwandon nan, ya yi masa nauyi."

"Baba, zan koma tudu yanzu, zan yi a hankali, ɗaya bayan ɗaya..."

"A'a, a'a. Ka huta. Ka zauna iya kwanakin da kake so, gidanka ne."

Ya ɗauki lofensa ya nufi wajen injin.

Nayo ta bi mahaifiyarta madafi, ta same ta tana daka barkono da ƙarfin da ya wuce na barkono.

"Inna, ki yi masa magana. Ke kaɗai yake ji."

"In ce me?"

"Ki ce kina son Heng. Ai kina sonsa, ke kike ɓoye masa cinyar kaza."

"Ina sonsa mana. So yana gyara ido?" Ta ajiye taɓarya ta share hawaye da bayan hannu. "Da kin zo mini tun farko, da na san yadda na bi da ubanki, in shafa shi in lallaɓa. Yanzu kin sa ya rantse a gaban mutane. Shekara talatin ina tare da shi, sau ɗaya na ga ya yi wa wani wannan ladabin, ƙanensa ne, kuma har ya mutu ba su ƙara cin abinci a kwano ɗaya ba."

"To ya zan yi, Inna?"

"Ban sani ba, 'yar nan. Wallahi ban sani ba. Ɗauki tsintsiya ki share ɗakin."

Ita ta share. Ita ta shimfiɗa bargon, ta ajiye farin tawul da takalmin ɗaki, kamar yadda ta yi wa Heng bara lokacin da ba ta san ko sunansa ba.

Da la'asar ta same shi wajen gadajen shanya. Ya ɗauki manjagara zai juya gahawar da ke bushewa, Jati ya karɓe yana cewa Baba ya hana. Heng na tsaye hannu biyu a sake, kamar wanda aka kora daga makaranta.

"Me ya sa ka ce gado ne?" ta tambaya. "Ka gan ni ina girgiza maka kai."

"Na gan ki."

"To me ya sa?"

"Uwarki ta kira ni ɗana, Nayo. Da wane baki zan ƙara mata wata ƙaryar?"

Ta zauna a bakin gadon shanya ta rufe fuska. Ya tsuguna gabanta, bai taɓa ta ba, don ana iya hango su daga gida.

"Mu tafi Chengdu. Shekararki ashirin da bakwai, babu mai hana ki. Zan koma aikina, mu yi aure a can, in zuciyarsa ta huce mu dawo."

"In tafi in bar su da wa? Yayana na can Guangdong yana aiki, shekara huɗu bai taka nan ba. Gwiwar Inna ta ƙare. Ni na sa aka gina ɗakunan nan, ni nake amsa waya, Baba ko karatun saƙo bai iya ba. In na sa ƙafa na fita a tsakiyar kaka, ba zuciyarsa kaɗai zan karya ba."

"To in zauna."

"A matsayin wa?"

Ya kawar da kai, ta ci gaba.

"Ka gani? Ka tafi, na rasa ka. Ka zauna, kullum in kawo maka tawul." Hawaye suka wanke mata fuska. "Ni na jawo mana. Na ɗauka dabara ce, ashe rami nake haƙa mana. Da na bar ka ka faɗa masa tun ranar farko, da ko zagi ne ka sha ya wuce."

"Da ya kore ni tun ranar."

"Da ya kore ka yana ganin girmanka."

Daga can gefe Jati ya yi gyaran murya. Bai dube su ba, yana ta jan manjagara.

"Ƙanwata, ba ni na kai ƙara ba, ki tuna. Na sani tun wata guda, na yi shiru." Ya ja ya sake ja. "Amma kawuna zai zo wajen Baba nema mini aurenki bayan sabuwar shekara. Gara ki ji daga bakina."

"Ko ya zo amsata ɗaya ce."

"Na sani. Zai dai zo."

Heng ya miƙe. "Zan sake gwada Baba. Sau ɗaya."

"Kada ka yi a gaban baƙi."

"Ai ba zai ƙara bari in same shi a wani wuri ba."

Rana na shirin faɗuwa bayan tudu aka kai abinci baranda. Faten shinkafa da kaza, ganyen daji, dakakken barkono. Kujeru shida aka jera yau. Heng ya zauna a ta ƙarshe cikin rigarsa ta birni, Anti Fang na gefensa tana ta zolaya.

"Au, yau ango ya zo cin abinci da mu? Yaushe ne bikin? Ku gaya mini da wuri in sayi tikiti, ni ce mai hoto."

Nayo na zuba miya. Ba ta iya ɗagowa ba.

Sai ga Baba Janu da kansa ya hawo barandar, ya sa rigarsa mai tsabta, yana ɗauke da butar gahawa. Ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya yana zuba musu, yana tambayar ko sun gaji, ko ruwan wanka ya yi zafi. Ya iso kan Heng. Ya zuba, ya ɗauki kofin da hannu biyu, ya ɗan rusuna ya miƙa masa.

"Malam Gu, a sha da zafi. Ɗakin ya yi? In bargon bai isa ba a ƙaro."

Heng bai karɓa ba. Ya ture kujera ya durƙusa a kan katakon barandar, a gaban kowa. Surutun baƙi ya ɗauke ɗif.

"Baba, na yi ƙarya, na ci amanarka, na yarda. Ka ƙara mini shekara uku, ka ƙara shida. Ka sa ni kwasar kashin aladu, ka sa ni ɗaukar buhu. Ka ce mini malalaci." "Don Allah, Baba, ka zage ni."

Nayo ta ajiye ludayin. Ta dubi mahaifinta, ta ga gahawar kofin ta ɗiga masa a yatsa bai ma kula ba. Zuciyarta ta tsaya cak tana jira. Kalma ɗaya take roƙo, ko wace iri ce, in dai mai zafi ce.

Tsohon ya ajiye kofin a kan tebur, ya gyara masa zama, ya yi murmushi.

"Haba Malam Gu, tashi mana. A gidan nan ba ma zagin baƙo."